Yatsun Mai Bas

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Na maimaita wannan magana a makon da Kawu ya rasu har bakina ya gaji, amma ban ji ta sauka ko'ina a jikina ba. Mutane suna riƙe hannuna suna kuka, ni kuwa ina kallon tarin takalman da ke bakin ƙofa, ina tunanin wa zai yi kuskure ya tafi da na wani. Har yau da nake wannan rubutu ban yi masa kuka ba. Ba jarumta ba ce, abin ne ya ƙi zuwa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya fi rabin rayuwarsa a Riyad yana jan bas ɗin wani kamfanin gine-gine, ya kwashi leburori da safe ya kai su wurin aiki, ya dawo da su da yamma. Duk Bahaushen da ya taɓa shan shayi a unguwar Batha, da sunan Mai Bas ya san shi. Ranar da zai rasu ma sai da ya ƙarasa aikinsa. Ya kai su har bakin gini, ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa, kowa ya sauka, shi ne kawai bai sauka ba. Wani lebura ɗan Bangaladash da ya koma ɗauko hular kwanonsa shi ya tarar da shi ya kifa kai a kan sitiyari.

An yi zaman makoki a falonsa na unguwar Badi'a, irin na mutanen nan, bayan magariba, da gahawa da dabino. Direbobi sun zo, 'yan kasuwar Batha sun zo. Tsohon kafilinsa, Balaraben da Kawu ya zauna a ƙarƙashin sunansa duk shekarun nan, ya zo yana dogara sanda, ya ce, “Azzamallahu ajrakum. Wallahi ko madubi bai taɓa fasa min ba.” Ɗaliban jami'a kuma suka cika gefe guda da fararen jallabiyoyinsu, saboda ɗan Kawu abokin karatunsu ne. A nan aka haife shi, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Tun yana ƙarami nake tsokanarsa da Ustaz, ga shi yanzu sunan ya bi shi da gaske.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Wani tsohon abokin Kawu ne daga Jos. Ya ce in buɗe sifika, yana so ya yi wa jama'a gaisuwa. Na buɗe.

“Allah ya jiƙan Mai Bas,” in ji shi. “Ni na san hannun mutumin nan tun muna samari. Ba a yi hannu irin nasa ba.”

Direbobi suka gyaɗa kai. “Ƙwarai kuwa. Hannu sai shi.”

“Idan ya riƙe bas ɗin nan, mu sai mu saki jiki. Shi ke ɗauke da mu gaba ɗaya. Ba ya gudu, kuma ba ya ja da baya.”

“Haka yake, Baba,” in ji wani direba ɗan Gusau. “Ko kwana zai sha ba za ka ji a jikinka ba.”

Tsohon ya ce, “Kwana kuma? Wace kwana? Ni fa bas ta kiɗa nake nufi, gitar nan mai tsirkiya huɗu. Ni ne mai gangar ƙungiyarmu. Ai tun kafin ya san inda giya take a mota muke ce masa Mai Bas.”

Wani ya yi tari. Ɗaliban suka ƙura wa kafet ido. Ustaz ya juyo ya dube ni, ya ce, “Yaya, me yake cewa?” Na kashe sifikar, na ce za mu yi magana.

Maganar ba ta jira ni ba. Da baƙi suka watse ya shiga wurin mahaifiyarsa, Hajiya, ita kuwa ba ta iya ɓoye-ɓoye idan an tambaye ta kai tsaye. Ta ɗauko masa wani tsohon kaset daga cikin kayan Kawu, ta ce shi ke nan abin da ya rage na kiɗan mahaifinsa. Ustaz ya juya shi a hannu, ya ce zai fasa shi. Bai faɗa da fushi ba. Ya ce in an gama karɓar gaisuwa in ara masa gudumata.

Kaset ɗin nan shi ne cikakke na ƙarshe a duniya. Shi ya sa nake rubuta wannan, don in ya tafi a samu wani abu da ya tsaya a madadinsa, ko da surutuna ne.

Sunan ƙungiyarsu Tsatsa. Su huɗu ne, yaran Jos, a lokacin da kamfanonin kuza suke tattara nasu ya nasu suna barin gari da ramuka cike da ruwa da manyan injuna suna ruɓewa a fili. Mahaifin mawaƙinsu kuku ne a gidan wani Bature, da Baturen zai tafi sai ya bar masa kwalin faya-fayai. Yaran suka ɗora a garmaho suka ji wani abu da ba su taɓa ji ba, kiɗan samarin Ingila da suka gaji da ihu suka koma magana a sanyaye. Kawu ya ce min da suka ji sai suka ga ai wannan garinsu ake bugawa, sanyin nan da zaman banzan nan. Suka nemi tsofaffin kayan kiɗa a hannun wani mai otal suka fara.

“Turawan post-punk suke ce masa,” in ji Kawu. “To kai ma ka san bakinmu da pa. Sai muka ce fank muke yi.”

A lokacin kuwa akwai wani fank ɗin daban, na rawa, wanda ake tashe a kowane otal. Wani ɗan kwangila ya ji labarin akwai yara masu fank, ya ɗauke su liyafar auren ƙaninsa. Jama'a suka hallara da wanduna fantalo da takalma masu tudu, kowa ya shirya karkaɗa jiki. Tsatsa suka hau, suka fara da waƙarsu ta ramin kuzar da ya cinye shanun wani makiyayi har da makiyayin. Mutane suka tsaya cirko-cirko a tsakiyar fili. Wata mata ta ɗaga murya ta ce, “Wai wa ya mutu ne?” Aka zuba musu shinkafa a leda, aka nuna musu ƙofar baya. Duk sanda Kawu ya ba ni labarin nan sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, kuma bai taɓa ba ni shi ba sai muna mu biyu a mota.

Ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, ban san kan kiɗa ba, amma zan faɗi yadda yake a kunnena. Kiɗa ne da ba ya lallashinka. Ganga tana tafiya ɗaya kamar injin niƙa. Gitar sama takan shigo ta yi ƙara ta fita. Mawaƙin ba ya rerawa, faɗa kawai yake yi da Hausar Jos, kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo: kamfani ya tafi, rami ya zauna. A ƙarƙashin duka kuma ga Kawu, 'yan sautuka kaɗan masu kauri, yana maimaita su, yana maimaitawa, har sai ka ji su a ƙirjinka maimakon kunne. Ya ce min babu muryarsa ko ɗaya a kaset ɗin, yatsunsa ne kawai.

Daga nan ya samo maganarsa da kowa ya san shi da ita ba tare da sanin asalinta ba: “Kai dai riƙe ƙasa, na sama su yi haukansu.” Ya faɗa min ita lokacin da na zo sabo, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙi fitowa, ina zaune a ɗaki ina tsoron ko shago in je. Ya faɗa min ita ranar da na rantse sai na zagi kafilina. Ya faɗa wa ɗan Gusau ita da matarsa ta yi yaji a gida, shi yana nan ba halin tafiya. Ni a lokacin haushi take ba ni, don ni mutum ne mai son a yi ta ta ƙare. Shi kuwa ko gobara ake yi sai ya gama ɗaura agogonsa.

Tuƙinsa ma haka. Leburori sukan yi barci da an tashi daga wurin aiki, to shi ba ya yarda a tashe su. Idan ya zo tudun titi sai ya rage gudu har na baya su cika shi da ham, ko a jikinsa. Rediyo ba ya kunnawa. Ya ce barcin lebura amana ne a hannun direba. Na taɓa bin sa na ga ya wuce masaukinsu ya sake zagayowa, wai wani dattijo ɗan Fakistan bai daɗe da samun barci ba.

Akwai kuma abin da yake yi da yatsu. Idan danja ta tsayar da shi, sai yatsu biyu na hannun damansa su hau bel ɗin da ya ratsa cikinsa su fara tafiya, ɗaya bayan ɗaya, na hagu suna danna sitiyari, leɓɓansa suna motsi. Kowa ya ɗauka tasbihi ne, kuma ba su yi ƙarya ba, don in ka matsa kusa istigfari za ka ji. Ustaz ma ya ɗauki abin tun yana yaro, yadda ɗa yake ɗaukar tafiyar ubansa. Idan yana tilawa za ka ga yatsunsa suna yi a kan gwiwa. Ni na san riƙon gita ne, amma na ɗauka motsi ne kawai da ya zame masa jiki.

Tsatsa ba su daɗe ba. Kaset ɗaya suka yi, suka raba wa abokai, sannan rayuwa ta raba su. Kawu ya samu hanyar Saudiyya a zamanin da ko ƙarar rediyo ka ɗaga a titin Riyad sai an yi maka magana. Ya ajiye gita, ya kama sitiyari, sunan ya biyo shi ya dace da sabuwar sana'ar kamar don ita aka raɗa. Bai gyara wa kowa ba. Sauran kaset ɗin kuwa damina da ƙaura suka cinye su ɗaya bayan ɗaya. Na mai ganga waƙa ɗaya tak ta tsira a cikinsa, ita ma da ƙyar ake ji, jikansa ya ɗora ta a intanet.

Wannan waƙa ɗaya ita ta tayar da ƙura. Yara a Jos da Kaduna da Damagaram suka fara haɗa 'yan ƙungiyoyi, suna cewa su jikokin Tsatsa ne. Wasu masu waƙar gambara ta zamani suka yanki bas ɗin Kawu suka hau kai. Suka dami mai ganga da tambayar ina sauran waƙoƙin, shi kuma ya ce suna Riyad, a hannun direba. Ni kaina ban san abin ya kai haka ba sai ranar da na je gyara a wani gida a unguwar Malaz. Ina kan tsani, na cusa kai cikin na'ura, sai na ji bas ɗin nan yana fitowa daga ɗakin wani saurayi ɗan ƙasa. Saura kaɗan in faɗo. Na tambaye shi ina ya samu. Ya ce wata ƙungiya ce ta Afirka ta da, ba wanda ya san ko su wane ne, shi da abokansa suna koyon bugawa da ita. Na ce masa mai bas ɗin yanzu haka yana cikin cunkoso a hanyar Batha da leburori a bayansa. Ya yi dariya, ya ce, “Ya sheikh, kalas, ya isa haka, gama aikinka.”

A kan haka muka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba. Na same shi a tsohuwar motarsa ta gida, na ce ya ba ni kaset ɗin in kai a juya shi a na'ura, yaran nan su samu. Ya ce sai ya yi tunani. Na bari aka kwana biyu na sake, ya ce sai ya yi tunani. Na ce, “Kawu, ƙasar nan da kake jin nauyinta yanzu dandamali take ginawa ana kiɗa a fili, kai ne ma kake kai leburorin da ke ginawa. Tunanin me?”

Ya ce, “Na tambayi malamai tun kafin a haife ka. Wasu sun ce haram ne, wasu sun sassauta. Ni dai na ajiye gita. Yatsun ne suka ƙi ajiyewa.”

Na ce, “Ba malamai kake tsoro ba, Kawu. Ustaz kake tsoro.”

Ya sa sigina, ya gangara gefen titi a hankali yadda ya saba, ya ce, “Sauka.” Tsakar rana ce, tsakiyar zafi, a gaban shagunan aika kuɗi na Batha. Na sauka. Muka yi kwanaki ba ma magana, sai ga shi wata Juma'a a ƙofar ɗakina da ruwan rake mai sanyi a leda. Bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Maganar nan fa ina tunani.” Har yau ina nan a kan cewa abin da na faɗa masa gaskiya ne. Sai dai ba tsoron faɗa yake yi ba. Tsoron kada ya ragu a idon yaron yake yi.

Ya tafi bai gama tunanin ba, sai abin ya faɗo hannun Ustaz.

Na so in ji haushin yaron nan, na kasa. Da muka zauna bayan an daina zuwa gaisuwa, ya ce, “Yaya, Baba yana kabari yanzu. Ba ya iya ƙara komai, ba ya iya rage komai. Duk wanda ya ji wannan ya shagala, ina tsoron a rubuta wa Baba zunubin. Ni ɗansa ne, ya'ni aikina in rage masa kaya, ba in ƙara ba.”

Na ce, “An soke iƙamarsa. An ba wani direba bas ɗin, har ya cire matashin da Kawu yake jingina. Kabarin ƙasar nan ba a rubuta suna. Ka fasa wannan, me ya rage da zai nuna ya taɓa wucewa ta duniya?”

“Addu'a,” in ji shi.

Na zauna ina jin ƙarar na'urar falon, ina lura cewa fankarta ta fara gogar wani abu, ya kamata in duba. Irin tunanin da kaina yake yi ke nan a kwanakin, ana maganar kabari ina maganar fanka.

Hajiya ce ta yi magana daga ƙofar kicin. “Ni ban taɓa son kiɗan nan ba, ciwon kai yake sa ni. Amma duk ƙaurar da muka yi a garin nan, shi ne abin da babanka yake fara sawa a aljihu, kafin fasfo. Ka ji shi tukuna, sannan ka fasa. Ku malamai ai kun ce sai an ji ta bakin mutum.”

Ustaz ya sunkuyar da kai. Ya ce zai ji waƙa ɗaya, don ya san hukuncin abin da ke ciki, daga nan kalas.

Ranar Juma'a da safe muka ɗauki tsohuwar motar Kawu muka je maƙabarta, gudumata tana but ɗin motar. Mun yi ta yi masa tsiya a kan motar nan, ya canza ta ya ƙi. Sai a ranar na lura ita kaɗai ce motar da na sani a Riyad da har yanzu take da ramin kaset.

A maƙabartar muka rasa kabarin. Ustaz ne fa ya shiga ramin da kansa ya jera tubali, ni na miƙa masa. Amma an ƙara layuka a bayanmu, kowane tudu da dutse a kai da dutse a ƙafa, duka iri ɗaya, ƙasa iri ɗaya. Ya nuna wani ya ce wannan ne. Na ce a'a, na gaba ne, don na tuna muna fuskantar wancan bangon. Ya ce bangon ai duk inda ka tsaya kana fuskantarsa. Muka yi ta kai da kawowa a rana, manya da mu. Daga ƙarshe muka tsaya a bakin layin muka yi wa kowa da kowa addu'a. Na ɗaga hannu, na ce amin inda ake cewa amin, zuciyata kuwa kamar ba tawa ba.

Muka koma mota. Ya ɗaura bel, don Kawu bai taɓa yarda a zauna masa a mota ba bel ko tana tsaye. Ya tura kaset ɗin da yatsa ɗaya, ya ɗaure fuska, ya kalli gaba.

Shuu ta fara fitowa, sannan bas shi kaɗai. Ba waƙar da ke intanet ba ce, wata ce da ban taɓa ji ba. Sautuka biyar, a huta, sautuka biyar, a huta. Ganga ba ta ma shigo ba na ga hannun Ustaz ya hau bel. Yatsu biyu, ɗaya bayan ɗaya, daidai da abin da ke fita daga sifika. Fuskarsa tana nan a ɗaure, bai san suna yi ba. Can kiɗan ya zo inda zai sauka ƙasa ya juya, sai yatsun suka riga shi sauka.

A nan ya duba hannunsa.

“Yaya,” ya ce. Leɓɓansa suka motsa, na ji yana gwadawa a hankali, gaɓa biyar a kan sauti biyar: as, tag, fi, rul, lah. Ya sake. Ya zauna daram, ba ragi ba ƙari.

“Wannan ai istigfarin Baba ne,” in ji shi. “Da wannan na yi haddata duka. Tun ina zama a gefensa a bas nake yi. Wallahi na ɗauka haka ake ƙirgawa.”

Mawaƙin ya shigo yana faɗin abin da yake faɗa a kan rami da ruwa. Ustaz bai kashe ba.

“To wanne ne a kan wanne?” ya ce, ya koma Larabci ya dawo Hausa. “Kiɗan yake nema wa gafara, ko kuwa da kiɗan yake neman gafarar?”

Na ce ban sani ba. Na ce ina jin shi ma Kawun abin da yake ta tunani ke nan.

Ya bar waƙar ta kai ƙarshe. Ta ƙare yadda ta fara, kowa ya janye aka bar bas shi kaɗai, sannan shi ma ya tsaya. Ustaz ya danna, kaset ya fito. Ya riƙe shi, hawaye suna sauka cikin gemunsa, bai share ba. Ni ina zaune riƙe da sitiyari, idona a bushe, ina jiran ya ce in buɗe but.

Sai ya zura kaset ɗin a aljihun gaban jallabiyarsa.

“Ba zan ba yaran Jos ba,” ya ce. “Kada ka ce na ce zan bayar.”

“Ban ce ba.”

“Kuma ba yau zan fasa ba.” Ya ja hanci, ya kalli titi. “Sai na yi tunani.”

Ban san sanda wata 'yar dariya ta kuɓuce min ba, mara daɗin ji. Ita ce abu na farko da ya motsa a ƙirjina tun ranar da aka kira ni daga bakin gini aka ce Kawu ya rasu. Ya tambaye ni me ya faru, na ce ba komai, na tayar da mota. A danjar farko yatsunsa suka sake hawa bel. Ya kama su da ɗaya hannun ya danne a kan cinya. Kafin a ba mu hannu ya sake su.

Gudumar tana but har yanzu. Bai tambaye ta ba, ni ma ban tuna masa ba. Mai ganga yana kira daga Jos yana tambaya, ina ce masa ana tunani, shi kuma yana cewa ai gidan nan kun iya tunani.

Ya Allah, ga bawanka nan Mai Bas, ka fi mu sanin wace bas ɗin. Ka san abin da yatsunsa suke faɗa a kowace danja, mu ba mu sani ba. Ka gafarta masa abin da ke buƙatar gafara, ka karɓi abin da ke karɓuwa. Ya riƙe mana ƙasa muna sama muna haukanmu. Yanzu yana wani layi da mu 'ya'yansa muka kasa nunawa, ka sa ƙasar ta riƙe shi da sauƙi.